Kalmasar Bakin Riga Tsakanin Obalok da Kobasitic

Duk wanda ke da rigar ti-shat ta kanti a kusa da shi, ya ɗaga bakinta na ƙasa ya duba da kyau. Ta waje zai ga layi biyu na ɗinki a jere, tazararsu ba ta wuce rubu'in inci ba. In ya juya ciki, zai ga wani zare ya yi ta kai-komo tsakanin layukan nan biyu, ya lulluɓe yankakken bakin yadin ruf. Ya kama rigar da hannu biyu ya ja: ɗinkin zai miƙe tare da yadin, in ya saki ya koma yadda yake, babu zaren da ya tsinke. Mata da yawa masu ɗinki a gida, da teloli masu tasowa, sun tara kuɗi sun sayi keken obalok, wanda a Najeriya aka fi sani da keken wibin, da zaton irin wannan kalmasar zai riƙa yi musu. Ba aikinsa ba ne. Keken da ke yin ta daban yake, sunansa kobasitic, kuma shi ma ba ya iya aikin obalok.

Ruɗanin yana da dalili. Kekunan biyu sun yi kama a ido: gajeru ne masu kauri, an jera musu manyan zaruruwa uku ko huɗu a baya, kuma babu kwarkwaro a cikin ko ɗaya. Ɗinkin da suke bari ta cikin riga ma ya yi kama, duk madaukai ne a sarƙe. Masu sayarwa kuma ba kowanne ne ya taɓa zama a kan keke ba, don haka ba kullum suke iya bambance wa mai saye ba.

Amma kafin a zo kan keke, da yadi ya kamata a fara, domin shi ke yanke hukunci. Atamfa da shadda da yadin kaftani da shifon duk saƙa ɗaya ce a asali: zaren tsaye da zaren kwance, wannan na ratsa wancan. Irin wannan yadi ba ya ja sai ta karkace, amma da zarar almakashi ya bi ta kansa sai bakinsa ya fara tsefewa, wanki biyu ko uku zare ya riƙa zuba. Ɗaya nau'in shi ne yadin ti-shat da singileti da rigar ƙwallo da kayan jarirai, da yadin roban da ake hijabi da shi. Shi zare ne ake lanƙwasawa, madauki cikin madauki. Ba ya tsefewa sosai, sai dai bakinsa ya nannaɗe, amma yana ja, musamman in an haɗa shi da zaren Lycra, wanda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a Amurka a 1958. Ashe matsala biyu ce daban-daban ke jiran tela a bakin riga. A yadin farko, yadda za a hana tsefewa. A na biyu, yadda za a yi ɗinkin da zai bi yadi in ya miƙe.

Keken ɗinki na yau da kullum, Singer ne ko Butterfly, da zare biyu yake aiki, na allura da na kwarkwaro, suna sarƙewa a tsakiyar kaurin yadi. Ɗinki ne mai ƙarfi, mai tsabta, amma ba shi da rarar zare ko kaɗan. Bisa ƙiyasin da kamfanonin zare irin su Coats ke bayarwa, ɗinkin mita ɗaya a irin wannan keke yana cin zare kusan mita 2.5 ne kawai. Obalok mai zare uku yana cin kusan mita 14 a tsawon nan, kobasitic mai allura biyu kuwa kusan 18. Wanda ya ji haka zai ce ɓarnar zare ce. Wannan rarar ita ce dukan sirrin. Tana kwance cikin madaukai, in an ja yadi madaukan su buɗe, in an saki su koma. Shi ya sa in aka kalmashe ti-shat da ɗinki miƙaƙƙe, ran da mai ita ya zura kai ya jawo ta ƙasa sai ya ji ƙas-ƙas, zare ya tsintsinke wuri uku ko huɗu.

Obalok ba sabon abu ba ne. Kamfanin Merrow da ke jihar Konetikat a Amurka ake jingina wa ƙirƙiro shi a 1881, kuma masana'antun saƙa ne suka fara buƙatarsa. Shekaru da dama ya zauna a masana'anta, babba, mai nauyi. Sai a ƙarshen shekarun 1960 injiniyoyi a Japan suka ƙanƙantar da shi yadda za a iya ɗora shi a kan teburin gida, aka sayar da shi da sunan Baby Lock. Daga nan Juki da Brother da Janome da sauransu suka cika kasuwa. Kobasitic na gida ya zo daga baya, kuma har yau bai kai obalok yaɗuwa ba.

Abin da ya kamata a fahimta game da obalok shi ne, a gefe kaɗai yake aiki. Yana da allura ɗaya ko biyu, da ƙugiya biyu, ta sama da ta ƙasa, da wuƙa. Wuƙar na gaba tana datse bakin yadi, allura ta soke kusa da bakin, ƙugiyar sama ta shimfiɗa zarenta a bisa, ta ƙasa ta shimfiɗa nata a ƙarƙashi, su haɗu daidai a kan gefen. Akwai wani ɗan siririn ƙarfe kamar harshe a jikin farantin allura, a kansa madaukan ke ɗauruwa kafin su zame baya, shi ke ba ɗinkin faɗinsa. Tun da ƙugiyar sama sai ta zagayo ta bakin yadi ta hau bisa, allurar obalok ba za ta taɓa shiga tsakiyar yadi ba. Kalmasar ti-shat kuwa ɗinkinta yana nesa da lanƙwasar da kusan inci guda. Ko an kashe wuƙar, hanya ba ta buɗe ba.

Wannan bai sa obalok ya zama marar amfani a kalmasa ba. Hanyar da aka fi bi, kuma wadda ta fi kowacce amfani ga mai ɗinka yadin da ba ya ja, ita ce a bi bakin yadin da obalok mai zare uku, a lanƙwasa sau ɗaya, a goge, sannan a bi da ɗinki miƙaƙƙe a keken yau da kullum. Ribarta rashin kauri. Kalmasar gargajiya ninki biyu ce, yadi ya zama uku a wuri ɗaya, in kuma ta hau kan ɗinkin gefe ya zama tudu. A wandon jins ko yadi mai nauyi, ninki ɗaya bayan obalok yana kwanciya lafiya kuma allura ba ta wahala. Amma ina da ra'ayi a nan, kuma ba na ɓoye shi: shadda mai kyau da yadin kaftani mai laushi sun cancanci ninki biyu. Bakin hannun kaftani yana juyowa in mutum ya ɗaga hannu, bakin babbar riga yana bayyana duk lokacin da aka saɓa ta a kafaɗa. A irin waɗannan wurare ciki ma waje ne. Zaren wibin, musamman in fari ne a kan yadi mai duhu don an ƙi canza zare, yana rage wa rigar daraja nan take. Obalok an yi shi ne don ya taimaki kalmasa a inda ta yi wuya, ba don ya kore ta daga inda take da sauƙi ba.

Mafi muni shi ne barin wibin tsirara a matsayin kalmasa. Ana ganin haka a kayan yara da hijabai masu araha. Mai kaya ta tambaya, "Malam, ina kalmasar?" sai a ce mata, "Hajiya, ai an yi masa wibin, ba zai tsefe ba." Gaskiya ne ba zai tsefe da wuri ba. Sai dai madaukan suna a fili a wurin da ya fi ko'ina gogayya da ƙasa da takalmi da igiyar shanya, kuma ran da ƙusa ta kama guda ɗaya, sauran za su biyo ta.

Inda obalok ya yi fice da gaske, har babu keken gida da ke kama ƙafarsa, shi ne siririyar kalmasa ta nannaɗe. Ita ce ake gani a bakin mayafi da gyale da ɗankwalin shifon da siket mai faɗi: wani siririn layi mai sheƙi, faɗinsa bai wuce milimita biyu ba, kamar an zana shi. Yadda ake samunta abin sha'awa ne. A cire allurar hagu, a bar ta dama. A janye harshen ƙarfen nan baya. A yawancin kekunan gida akwai ɗan maɓalli mai alamar R don haka, a wasu kuma farantin ake canzawa. A rage tsawon ɗinki zuwa kusan milimita ɗaya ko ɗaya da rabi. Sannan a ƙara tsaurin zaren ƙugiyar ƙasa sosai. Da yake babu harshen da zai riƙe gefen a shimfiɗe, sai yadin ya naɗe kansa, zaren ƙasa mai tsauri ya jawo zaren sama ya zagaye naɗin gaba ɗaya. Saboda haka zaren ƙugiyar sama ne kaɗai ido ke gani, kuma a nan ne ya kamata a sa zare mafi kyau. Akwai wani zaren nailan mai laushi, wanda in an ja shi ya sirance, in an saki ya kumbura. In an sa shi a ƙugiyar sama yana cike giɓi, gefen ya fito sumul.

Shifon yana da halinsa. Wani lokaci a gama kalmasar ta yi kyau, a ɗan ja ta da yatsa sai ta ɓalle gaba ɗaya ta rabu da mayafin. Dalili biyu ne galibi. Ko dai wuƙa ta yanke kusa ƙwarai, yadin da ya naɗu bai isa ya riƙe ba, ko kuma ɗinkin ya yi ƙanana ainun har allura ta huhhuda layi ɗaya ta yanke zaren yadin. Maganin shi ne a matsar da wuƙa waje kaɗan don naɗin ya sami nama, a ƙara tsawon ɗinki kaɗan, a sa siririyar allura sabuwa, lamba 70 ko 75. Fesa sitaci a goge gefen kafin a fara yana sa yadin ya tsaya a gaban wuƙa maimakon ya riƙa zillewa.

Akwai wasu hanyoyi biyu da obalok ke gama bakin yadi mai ja, amma ba sa buƙatar dogon bayani. Ɗaya ita ce ɓoyayyiyar kalmasa: a lanƙwasa, a sake mayar da lanƙwasar baya yadda yankakken bakin zai leƙo, allura ta riƙa ɗan tsinkar ninkin kaɗan-kaɗan, a sassauta zarenta, in an gama a buɗe a goge. Tana kyau a yadi mai kauri ko mai zane, a siriri marar zane kuwa ɗigo-ɗigon zaren na fitowa. Ɗayar ita ce a yanko wani ƙyalle ɗan gajarta fiye da bakin rigar, a ninka shi biyu, a haɗa da obalok mai zare huɗu, irin bakin hannun rigar sanyi. Ga kayan jarirai da na yara wannan hanya ce mai ƙarko, kuma tana raba mutum da neman kobasitic baki ɗaya.

Akwai abu guda da zan so duk mai niyyar sayen obalok ya tsaya a kansa, domin shi ya raba keken da zai yi yadi mai ja da wanda ba zai yi ba. Haƙoran da ke jan yadi a ƙarƙashin ƙafar keke, a obalok mai kyau, kashi biyu ne, na gaba da na baya, kuma ana iya sa su yi gudu daban. Akwai maɓallin da ke gefe, yawanci daga 0.7 zuwa 2.0. In yana kan 1, ko harafin N, gudunsu ɗaya. In aka ɗaga shi sama, haƙoran gaba suna turo yadi fiye da yadda na baya ke janyewa, sai yadin ya ɗan tattaru a ƙarƙashin allura. Wannan shi ne maganin bakin ti-shat da ke fitowa yana igiya-igiya, domin ƙafar keke tana miƙar da yadi mai ja tun kafin allura ta same shi, ɗinki kuma ya kulle shi a miƙe. In aka sauke maɓallin ƙasa da 1, yadin yana ɗan miƙewa, wanda ke hana siririn yadi tattarewa. In kuma an haɗa da kalmasar nannaɗe a yadi mai ja, yana ba da gefe mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake yi wa rigunan 'yan mata da gangan.

Maɓallin nan yana da wani amfani da ba kowa ya lura da shi ba. Siket mai faɗi da aka yanka a zagaye, bakinsa ya fi inda za a lanƙwasa shi tsawo, shi ya sa in an zo ninkewa sai rarar ta riƙa yin kunne-kunne. In aka bi bakin da obalok maɓallin yana wajen 1.3 ko 1.5, gefen zai ɗan tsuke, ya karkato ciki da kansa, dutsen guga ya ƙarasa sauran. Irin wannan siket, a rataye shi ya kwana kafin a daidaita bakinsa, domin ɓangaren da ya faɗo a karkace sai ya saki ya ƙara tsawo. Ƙananan kekunan wibin masu zare uku da suka cika shagunan teloli, waɗanda ake iya haɗa wa feda saboda matsalar wuta, yawancinsu ba su da wannan maɓalli. Suna aikinsu a atamfa da shadda ba laifi, kuma an yi su ne don haka.

Kobasitic kuwa ba shi da wuƙa, kuma ƙugiyarsa ɗaya ce, tana ƙasa. Allura biyu ko uku ke sauka tare, ƙugiyar ta bi ta cikin madaukansu ta saƙa zarenta a tsakani. Tun da babu abin da ke zagayowa ta gefe, yana ɗinki a ko'ina a jikin yadi, kuma akwai fili a dama da allura kamar keken yau da kullum. A yawancin na gida, allura biyu na kusa suna ba da faɗin milimita 3, na nesa su ba da 6. Wasu kamfanoni 2.5 da 5 suke yi. In an bar allura ɗaya, ɗinkin sarƙa yake bayarwa.

Wahalarsa ta farko ita ce ana ɗinki ne ta waje, alhali bakin da ake son rufewa yana ƙasa, ido ba ya ganinsa. Saboda haka rabin aikin a kan teburin guga ake gama shi. A auna inci ɗaya daidai ko'ina, a goge lanƙwasar ta kwanta, in yadin mai santsi ne a kama ta da ɗinkin wucin gadi na allurar hannu. A manna tef a jikin keke daidai inda lanƙwasar za ta riƙa bi, yadda allurar hagu za ta sauka a kan yankakken bakin ko dab da shi. Mai hannu yana jin tudun bakin da ɗan yatsa ta saman yadi yana tafe. In awon ya kauce, ɗayan biyu ne: ko dai yadi ya yi saura a bayan ɗinkin yana reto, ko allurar hagu ta faɗa a yadi falle ɗaya ta bar bakin a buɗe. Wasu sukan ninka da yawa, su ɗinka, su bi saurar da ƙaramin almakashi. Yana yiwuwa, amma kuskure ɗaya ya isa ya huda rigar da aka riga aka gama.

Sai tsallake. Duk mai kobasitic ya san ɓacin ran nan: ɗinki na tafiya lafiya, a zo kan ɗinkin gefe, a wuce, a juya ciki a tarar ƙugiya ta bar madauki biyu ba ta kama ba. Ba ƙaramin aibi ba ne, domin daga wannan giɓin ɗinkin ke fara warwarewa. Abin da ke faruwa shi ne, ƙafar keke tana hawa tudun sai ta karkata, ta daina danne yadi, yadin ya bi allura sama, madaukin da ƙugiya za ta kama bai samu ba. A rage tudun tun kafin a zo: a ɗan tsaga rarar ɗinkin gefe daidai kan lanƙwasa, ba tare da an taɓa zaren da ya haɗa rigar ba, a kwantar da rabi hagu rabi dama. In an iso wurin a tsaya, a cusa ninkakken ƙyalle a ƙarƙashin bayan ƙafar don ta daidaita, a juya keke da hannu har a haye. In tsallaken a ko'ina yake faruwa, ba a kan tudu kaɗai ba, to a fara zargin allura. Yadi mai ja yana son allura mai ɗan dakusasshen baki, wadda ke ratsa tsakanin madaukai ba ta yanke su ba. Kekunan kobasitic da yawa an yi su ne don allurar da ake kira ELx705, lamba 80 ko 90, kuma littafin keken zai faɗa. A tura kowace allura sama har ta tsaya. Za a ga tsayinsu bai zo ɗaya ba. Haka aka ƙera su, domin ƙugiya ba a lokaci guda take isa gare su ba.

Wani aibin shi ne yadi ya taso ya yi kunya tsakanin layukan biyu. Zaren ƙugiya ne ya yi tsauri yana jawo layukan su haɗu. A sassauta shi, in yadin siriri ne a koma allurai na kusa. Tsawon ɗinki kuma kada ya gaza milimita 3. Tsakanin 3 da 4 ne kobasitic ya fi jin daɗi.

Ƙarshen ɗinki shi ne inda sababbi suka fi asara. Kobasitic dangin ɗinkin bakin buhun shinkafa ne: in ka kama zaren da ya dace ta ƙarshen da ya dace, ja ɗaya zai zare shi tun daga nan har farko. Saboda haka ba a gamawa a fizge riga a yanke zare. In an zagayo, a hau kan farkon ɗinkin da kamar rabin inci. A ɗaga allurai can sama, a ɗaga ƙafar keke don zare ya saki. A zura wani siririn abu, ko hantsaki, a ƙarƙashin ƙafar, a jawo zaren allurai gaba su yi dogon madauki, a yanke su. Sannan a ja rigar baya kai tsaye. Zaren alluran za su nutse su koma ciki da kansu, su kulle zaren ƙugiya. A yanke shi, a ƙulla su wuri ɗaya. Wannan hali nasa yana da amfaninsa: in kalmasa ta karkace, warware ta ba ta ɗaukar minti guda, kuma mai rage tsawon rigunan gwanjo ya san darajar haka.

Wanda ba shi da kobasitic ba a rufe masa ƙofa ba. Akwai tagwayen allura, allura biyu a kan ƙota ɗaya, masu tazarar milimita 2.5 ko 4, da ake sa wa keken gida. Ta waje layi biyu suke bayarwa, ta ciki zaren kwarkwaro ya riƙa kai-komo a tsakaninsu. In an fara bin bakin da obalok, sannan aka ninka aka bi da tagwayen allura, sai mai sana'a ne zai gane bambanci daga nesa. Ba ta kai kobasitic ja ba, kuma ta fi shi saurin tayar da kunya a tsakiya, sai an ɗan sassauta zaren kwarkwaro. Sharaɗinta keken ya zama mai zigzag, mai faɗin ramin allura. Baƙin keken feda mai ɗinki miƙaƙƙe ba ya ɗaukarta. Ɗan siririn zigzag shi kaɗai ma yana riƙe bakin rigar barci ko ta zaman gida ba tare da ya tsinke ba.

Ana kuma sayar da keke mai haɗa aikin biyu, obalok da kobasitic a jiki ɗaya. Ga wadda ɗakinta ba fili, yana da hujja. Sai dai kowane sauyi yana nufin a kashe wuƙa, a kwantar da ƙugiyar sama, a matsar da allurai, a canza murfin gaba, a sake zura zare. Ti-shat ɗaya kuma tana iya buƙatar a haɗa kafaɗa, a kalmashe hannu, a koma a haɗa gefe, a dawo a kalmashe ƙasa. Mai ɗinka da yawa zai gaji da wannan jeka-ka-dawo.

To wa ya kamata ya sayi me? Wanda ya zaga Kantin Kwari a Kano ya ga abin da mutane ke saya ya san cewa yawancin ɗinkinmu a yadin da ba ya ja yake. Ga mai wannan aiki, keken yau da kullum da obalok mai zare huɗu, mai maɓallin haƙora biyu da kalmasar nannaɗe, sun gama masa komai, kuma kobasitic zai zauna ne yana shan ƙura. Wadda kuwa ta mayar da hijabin roba, ko kayan jarirai, ko rigunan wasanni na makarantu sana'arta, kobasitic ne zai sa kayanta su tsaya kusa da na kanti ba a raina su ba, kuma zai biya kuɗinsa. In aikin ya kai na kwangila, daga safe har dare, keken gida ba zai jure ba. Obalok na gida yana yin ɗinki 1,300 zuwa 1,500 a minti, na masana'anta yana haura 5,000, kuma an gina shi ne don ya wuni yana gudu. Wanda ke samun riga mai ja jefi-jefi, ya fi masa sauƙi ya kai wa mai keken ya biya, kamar yadda aka saba kai wibin.

Mai sayen na hannu ya duba farantin da ke bayan keke kafin ya sa a wuta. Wanda aka yi don Amurka wutar 110 zuwa 120 yake sha, na cikin Japan 100, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce. In ba a haɗa irin wannan keke da na'urar rage ƙarfin wuta ba, motarsa za ta ƙone. Ya tambaya ko ana samun wuƙarsa da allurarsa a kasuwar garinsu, domin wuƙar obalok tana dakushewa, kuma fil ɗaya da aka manta a yadi ya isa ya yi mata giɓi. Obalok yana tara ɓurɓushin yadi fiye da kowane keke saboda yankan da yake yi, in ƙurar hunturu ta haɗu da shi da mai sai ya daskare a jikin ƙugiyoyi. Buroshi bayan kowane aiki da murfi in an tashi sun fi kiran makaniki araha.

Kuma kada a gwada keke da ƙyallen da mai shago ya miƙo, wanda galibi auduga ce mai kauri da kowane keke zai ɗinka. A tafi da guntun shifon da guntun tsohuwar ti-shat mai ɗinkin gefe a jikinta. A obalok a nemi a ga kalmasar nannaɗe a shifon, a ja ta da yatsa. A kobasitic a ninka ti-shat ɗin, a haye tudun gefen sau biyu ko uku, a juya ciki a ƙirga madaukan, sannan a kama da hannu biyu a ja har iyakar yadin. In ƙugiya ta tsallake ko zare ya tsinke, a sa sabuwar allura a sake gwadawa sau ɗaya. In ya maimaita, a bar shi a shagon.